Yadda muka gano ciwon 'yar katafilar da ta kusa cinye kuɗin gyaran makarantarmu a Bahri

Wanda ya dawo Bahri bayan yaƙi ya san aikin farko da ke jiransa, wato kwasar ƙasa. Kafin a yi zancen fenti ko taga, sai an fitar da ɓaraguzan bango, da kwanon rufin da ya lanƙwashe, da tulin sharar da iska ta shekara biyu tana tarawa. Haka muka tarar da makarantar firamaren da nake koyarwa a cikin watan Yunin 2025. Katangar gabas ta zube ta toshe magudanar da ke fitar da ruwan sama daga haraba zuwa kwalbatin bakin titi. Ajujuwa biyu sun rufta. Rabon yaranmu da zama a benci kuwa tun kafin ranar 15 ga Afrilun 2023 da aka fara harbe-harbe.

Damina ce ta fi ɗaga mana hankali. A nan Khartoum ruwa kan sauka daga Yuli zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, ƙasarmu kuma laka ce mai riƙe ruwa. In ya kwanta a haraba sai sauro, ga kwalara da ta yi ɓarna a jihar cikin watan Mayu. Iyaye suka ce a yi gayya, wadda maƙwabtanmu ke kira nafir. Muka kwana uku muna fama da shebur da baro. Da muka dubi abin da muka kwashe, muka dubi abin da ya rage, sai kowa ya yi shiru. Daga nan aka yi karo-karo. Wasu suka bayar a hannu, 'yan'uwa da ke Saudiyya da Masar suka turo ta Bankak, aka haɗa kuɗin hayar inji na kwana huɗu da man da zai sha. Ni aka damƙa wa littafin kuɗin, wai don ni ne malamin lissafi.

Kafin inji ya shigo sai da masu neman nakiyoyi da harsasan da ba su fashe ba suka zo suka duba harabar. Ina roƙon duk wanda zai share gida ko makaranta a garin nan kada ya tsallake wannan mataki. Bokitin inji bai san bambancin dutse da gurneti ba.

Wane irin inji ne?

A Sudan kowa bobkat yake ce masa, ko da wane kamfani ne ya ƙera shi, kamar yadda a Kano ake ce wa duk babbar motar tura ƙasa katafila. Asalinsa daga Amurka ne. A shekarar 1957 wasu 'yan'uwa biyu maƙera, Louis da Cyril Keller, a jihar Minnesota, suka ƙera ƙaramin inji mai taya uku don wani mai kiwon talotalo ya riƙa kwashe kashin tsuntsayensa. Kamfanin Melroe ya karɓi aikin, ya fito da mai taya huɗu a 1960, sunan Bobcat kuma ya biyo baya a 1962. Mai tafiya a kan sarƙa maimakon taya, irin wanda muka ɗauko, kamfanin Takeuchi na Japan ne ya fara fito da shi a 1986. Ƙanƙantarsa ce ta sa muka zaɓe shi. Yana shiga ta ƙofar makaranta, yana juyawa a inda yake tsaye, sarƙar robarsa kuma ba ta nutsewa a laka, ba ta fashewa in ta taka ƙusa ko guntun rodi.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu, don sauran labarin a kansa ya rataya. Injin dizal ɗin da ke bayan wannan na'ura ba ya juya sarƙa ta hanyar giya irin ta mota. Aikinsa juya famfuna ne. Famfunan su ke tura man haidirolik da ƙarfi zuwa motocin da ke juya sarƙar dama da ta hagu, da kuma sandunan da ke ɗaga bokiti. Ke nan gida biyu ne a jiki ɗaya: ɓangaren inji da ɓangaren haidirolik. In ƙarfi ya ragu, ko dai daga can ne, ko daga nan.

Ranar farko

Da hantsi aka sauke shi daga tirela. Yaron da ke tuƙi ya tayar, ya tashi bugu ɗaya, yana ruri lafiya lau. Yara suka cika kan ragowar katanga suna kallo. Bokiti biyar na farko ya kwashe su kamar wasa. Wajen minti ashirin da farawa, ya soka bokiti cikin tulin bulo, ya ja sandar ɗagawa, sai muka ji muryar injin ta faɗi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, hannuwan suka tsaya a rabin hanya. Ya saki sanda, inji ya farfaɗo. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. A karo na huɗu ya mutu gaba ɗaya. Aka ba shi minti goma, aka tayar, ya yi aiki kamar ba shi ba, can kuma ya koma gidan jiya.

Mai injin ya kira wani matashin bakanike. Ya zo a raksha, ya zagaya injin sau ɗaya, ya saurara, ya ce turumba ce ta mutu, wato famfon da ke harba mai cikin nozul. Sai an kwance ta an kai Omdurman a gwada. Jama'a, wannan magana ba ƙarama ba ce. Gadar Shambat da muke bi a da mu tsallaka cikin 'yan mintuna ta karye tun ranar 11 ga Nuwamban 2023, sai an zagaya ta gadar Halfaya. Unguwar masana'antu ta Bahri, inda a da ba abin da za ka nema ka rasa, an wawashe ta, an ƙone wani sashe. Aƙalla mako guda ke nan, mai injin kuma ya fara cewa kuɗin da muka ba shi na kafin alƙalami ya riga ya shiga wata hidima. Na buɗe littafi na duba, na ga in aka bi wannan hanya, damina za ta same mu da magudana a toshe da aljihu wayam.

Wata uwa daga cikin iyayen yara ce ta ce a kira mata kawunta. Dattijo ne ɗan unguwarmu, ya haura shekara sittin, ya yi rayuwarsa yana gyaran famfunan ban-ruwa da taraktocin manoman Shambat da Halfaya. Kowa Usta yake ce masa.

Tambaya kafin sifana

Da la'asar ya iso, da ɗan buhun kayan aiki da gorar ruwa ta roba wadda ba komai a ciki. Bai taɓa injin ba. Ya zauna a inuwar darbejiya ya kira yaron da ke tuƙi.

"Ɗana, in ƙarfin ya tafi, muryar injin faɗuwa take yi, ko tana nan a sama bokitin ne ke ƙin tashi?"

"Faɗuwa take yi, Baba."

"Da sanyinsa yake yi, ko sai ya ɗan yi aiki?"

"Sai ya ɗan yi aiki."

"In ka kashe shi ya huta fa?"

"Sai ya dawo daidai."

"Hayaƙin wane launi ne? Tun yaushe yake maka haka? Ina ya kwana lokacin yaƙi?"

A nan ne yaron ya faɗi abin da ba a gaya mana ba. Injin ya yi kusan shekara biyu a ajiye a wani fili. An sace batir, an zuƙe man tanki, an tafi da murfin. Damina biyu tankin yana buɗe. Da aka dawo, mai shi ya sayi batir, ya juye man inji, ya sa sabuwar filta, ya zuba sabon mai a kan abin da ya tarar a ƙasan tanki, ya samo wani murfi ya ɗaura. Ayyukan da ya yi kafin namu ƙanana ne, baza yashi da makamantansu, kuma ko a can yakan ɗan yi sanyi, sai yaron ya ba shi hutu.

Usta ya juyo gare ni ya ce, "Ustaz, rubuta, tunda na gan ka da biro." Ga abin da na rubuta. In muryar inji tana nan daram amma bokiti ko sarƙa ba ƙarfi, a nemi ciwon a haidirolik. In muryar ce ke faɗuwa, to injin ne ya kasa ɗaukar kayan da aka ɗora masa, ko kuma wani abu a ɓoye yana ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Injin dizal kuwa ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, a fesa mai a ciki ya kama da kansa. Don haka buƙatarsa uku ce: iska ta shiga, mai ya iso, hayaƙi ya fita. Launin hayaƙin shi ke ba da labari. Baƙi yana nufin mai ya fi iskar da ke akwai, ko nozul ba ya fesawa daidai. Fari yana nuna man da bai ƙone ba, ko ruwa. Shuɗi man inji ne ke ƙonewa. In kuma ƙarfi ya faɗi ba tare da hayaƙi ba, yawanci man ne bai isa ba.

Na tambaye shi, "Baba, to turumbar fa?" Ya ce turumba takan mutu, amma wadda ta mutu ba ta warkewa don an ba ta hutun minti goma. "Kuma ko da ita ce, ita za mu duba a ƙarshe. Da abu mai araha ake farawa."

Iska

Ya sa aka sauke bokiti ƙasa, aka kashe inji, ya karɓi makulli ya sa a aljihunsa, sannan ya buɗe ƙofar baya. Da ya zaro filtar iska, wallahi sai ka ce an tono ta daga rami. Mu da muke zaune a ƙasar habub bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Guguwar ƙura tana tasowa a wannan lokaci na shekara ta rufe gari, ga kuma ƙurar siminti da bulo da injin da kansa ke tayarwa. Lita ɗaya ta man dizal tana buƙatar iska fiye da lita 10,000 kafin ta ƙone sosai. Lokacin da inji ke ruri ba kaya, mai kaɗan yake sha, iska kaɗan ta ishe shi, shi ya sa ba a jin komai. Da zarar bokiti ya cika, turumba ta ƙara mai, sai iskar ta gaza, ragowar man ya fita a baƙin hayaƙi.

Yaron ya ɗauki filtar zai buga ta a jikin sarƙa, Usta ya daka masa tsawa. Bugu yana tsaga takardar, ƙura ta samu hanya ta wuce kai tsaye cikin silinda, ta cinye ringi kamar sanfefa. Filtar biyu ce, babba a waje, ƙarama a ciki. Ta wajen, in babu sabuwa, ana iya hura ta a hankali daga ciki zuwa waje, sannan a haska tocila a cikinta a duba ko haske na fita ta wata ɓula. Ta cikin ba a wanke ta, ba a hura ta, canzawa ake yi. Ya bi tiyon da ya tashi daga filta zuwa turbo, da wanda ya fita daga turbo zuwa inji, yana matsa su da hannu ko akwai tsaga ko ɗaurin da ya saki. Ya leƙa lagireto da na'urar sanyaya man haidirolik da ke jikinsa, ya tarar ƙura ta like ramukan. Muka ari abin hura iska a wurin mai faci, aka hure su ta baya. A watan Yuni zafin garin nan yana wuce digiri 40, injin da ba ya samun sanyi kuwa dole ƙarfinsa ya ragu.

Washegari da sassafe aka samo sabuwar filta aka sa. Baƙin hayaƙi ya ɗauke. Muka fara yi wa juna barka. Minti ashirin da biyar, sai muryar ta sake faɗuwa, wannan karon ba hayaƙi ko kaɗan. Mai injin ya ce, "Ai na faɗa muku turumba ce." Usta bai tanka masa ba. Ya ce da ni, "Ciwo biyu ne, Ustaz. Mun cire ɗaya, na biyun ya fito fili."

Mai

Sai a lokacin na gane amfanin gorar da ya zo da ita. A ƙarƙashin filtar mai akwai ɗan kofi mai raba ruwa da mai, da ɗan famfo a gindinsa. Ya kwance ya tara gorar, ya ajiye ta a kan benci. Bayan 'yan mintuna ta rabu gida uku: mai a sama, ruwa mai launin shayi a ƙasa, a tsakaninsu kuma wani baƙin abu mai yauƙi. Litar dizal ba ta kai nauyin litar ruwa ba, wajen giram 830 zuwa 850 take, ruwa kuma 1,000, shi ya sa kullum ruwan ke kwanciya a ƙasa, daidai inda bututun tanki ke zuƙa. Baƙin abin kuwa ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa a inda ruwa da mai suka haɗu. Suna cin man, suna hayayyafa, suna barin wannan majina da ke toshe duk rariyar da ta tarar. Tankin da ya daɗe a ajiye da ruwa a ciki gonarsu ce.

Zancen mai a garin nan sai wanda ya gani. Baƙo ma yakan ruɗe da sunan, don a Sudan jazulin shi ne dizal, wanda a Najeriya ake kira gas, fetur kuma shi ne banzin. Kafin yaƙi matatar Jaili da ke wajen kilomita 70 arewa da Khartoum, mai iya tace ganga 100,000 a rana, ita ke ba da kaso mai yawa na man ƙasar. Ta tsaya, ta yi gobara a watan Janairun 2025, kafin sojoji su karɓe ta a ƙarshen watan. Mai ya koma zuwa ta teku, a watan Mayu kuma jirage marasa matuƙa suka kai hari kan rumbunan mai a Port Sudan. Saboda haka man da ke isowa hannun ƙaramin mai inji yakan bi ta duro da jarka da yawa, wasu da tsatsa, wasu da ruwa, wani lokaci har da kananzir a gauraye. Kananzir ba shi da santsin dizal, turumba da nozul kuwa da santsin man suke rayuwa. Namu ma a duro muka saya. Usta ya ɗiba ya duba ya ce ba laifi, amma a bar duron ya kwana a tsaye, a riƙa ɗiba daga sama, a tace da ƙyalle mai tsabta.

Ya kwance filtar man da aka sa watanni uku kacal da suka wuce, ya yanka ta da zarto ya baza takardar a rana. Baƙa ƙirin. Aka sa sabuwa, ya yi ta danna ɗan famfon hannu har iska ta gama fita. Inji ya yi minti arba'in yana aiki, ya sake sanyi.

Gaskiya a nan gwiwata ta yi sanyi ni ma. Rabin kwana na biyu ya tafi, iyaye sun fara taruwa a bakin ƙofa suna tambayata. Usta ya ce kowa ya yi shiru. Ya je ya murɗa murfin tanki a hankali, sai muka ji "fiiish", iska tana ruɗawa ciki. Murfin asali yana da ɗan ramin numfashi. In mai yana fita daga tanki dole iska ta maye gurbinsa, in ba haka ba tankin ya riƙa ja da baya, kamar yaro ya tsotsi gorar roba har ta lotsa. Murfin da aka ɗaura na wani abu ne daban, ba rami. Aka bar shi a sake, aka ci gaba. Wannan karon ya haura awa guda, sannan ya sake faɗuwa.

Gwajin jarka

Usta ya aika aka kawo jarka mai tsabta da sabon mai, da tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa. Ya cire tiyon da ke zuwa daga tanki, ya jona nasa daga jarka zuwa filta. Ya kuma karkato da tiyon da ke mayar da ragowar mai, ya sa shi cikin jarkar, ya ce in ba haka ba nan da nan injin zai kwashe man jarkar ya juye a tanki. Aka ɗaure ta tamau nesa da salansa. Inji ya kama aiki tun bayan azahar har muka ji kiran la'asar, bokiti cike, murya ba ta ko girgiza ba. Usta ya dubi mai injin ya ce, "Alhaji, ga turumbarka nan lafiyarta ƙalau." Gwaji ɗaya ya wanke turumba, da nozul, da turbo, da haidirolik gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne tsakanin tanki da filta.

Ya zaro bututun da ke zuƙo mai daga ƙasan tanki. A bakinsa akwai 'yar rariya, majinar nan ta naɗe ta, har da guntun leda. Sai komai ya fito sarari, har da dalilin da hutu ke warkar da shi. In inji yana ja da ƙarfi, dattin yana taruwa ya manne a rariyar, mai ya ragu. In an kashe, jan ya tsaya, dattin ya saki ya koma ƙasa, sai a tayar a ga kamar ya warke. Muka kwance toshiyar ƙasan tanki, muka juye abin da ke ciki a duro daban, aka ɗauraye shi da mai mai tsabta har sau uku, aka canza tiyon da ya bushe ya fara tsagewa, aka nemo murfi mai numfashi.

In ba nan ba ne fa?

Da muka zauna shan jabana na tambaye shi inda zai nufa da a ce gwajin jarka bai yi ba. Ya ce zai duba ɗan famfon da ke ɗago mai daga tanki zuwa turumba, ya ga ko yana turowa sosai. Zai duba wayar totur ko tana kaiwa ƙarshe. Sannan ya nemi kayan ɓoye: makunnin haidirolik na gaba, wanda ake jona wasu kayan aiki da shi, in ya maƙale a kunne famfo zai yi ta turawa a hanyar da ke rufe, inji ya yi ta nishi, man ya yi zafi. Haka birkin ajiye in bai saki sosai ba, ko sarƙar da aka ɗaure fiye da kima, ko laka da waya da suka cushe a ƙafafunta. Sai duk waɗannan sun fita sannan a taɓa nozul da turumba, a auna matsin silinda.

In kuma muryar inji ba ta faɗuwa, sai a duba yawan man haidirolik da launinsa. In ya yi fari kamar madara ruwa ya shiga, in yana kumfa iska yake sha. A duba filtarsa, a duba bel ɗin da ke juya famfo a injinan da ke da shi, sannan a sa geji a auna matsi a gwada da abin da littafin injin ya ce. Ya ja kunnen yaron kada ya kuskura ya murɗa bawul ɗin matsi da ka, wai don a ƙara ƙarfi.

Sababbin injina kuma, masu kwamfuta, labarinsu daban ne. Suna nuna lambar matsala a allo, a fara da karanta ta. Da yawansu suna da matatar toka a salansa, an kuma ƙera su ne don man da farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 15 cikin miliyan ba a Amurka, ko 10 a Turai. In suna shan wanda ya fi haka, ko suna yawan ruri ba aiki, matatar takan toshe, kwamfuta ta rage ƙarfin da gangan. Matsin man da ke bututunsu yana kaiwa bar 1,600 zuwa sama da 2,000, don haka ba a sassauta bututun nozul inji na aiki kamar yadda aka saba a tsofaffi.

Gargaɗi biyu ya maimaita har sau uku. Kada a nemi yoyon mai ko haidirolik da tafin hannu, a sa guntun kwali, domin siririn man da ke fita da matsi yana huda fata, yana iya jawo a yanke hannu. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin hannuwan bokiti a ɗage sai an sa ƙarfen tokare su.

Abin da littafi ya nuna

Kwana ɗaya da rabi muka yi asara. Bayan 'yar muhawara mai injin ya yarda ba za a lissafa su ba, ya kuma biya kuɗin filtoci da murfi da tiyo, waɗanda duka ba su kai hayar wuni ɗaya ba. Usta ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce jikokinsa biyu suna aji uku. A kwana huɗun da suka biyo baya aka kwashe katangar, aka buɗe magudana, aka tara bulon da zai moru a gefe guda. Kowace safiya kafin a tayar, yaron yakan tsiyaye kofin ruwa a gorar Usta ya kawo mini in gani, da yamma kuma ya cika tanki don kada raɓa ta taru a ciki cikin dare.

Ga kwamitocin unguwanni da ke shirin ɗauko irin wannan inji, a Bahri ko Omdurman ko Haj Yusuf, ku yi wa mai shi tambaya uku kafin ku ba da kuɗi. Ina injin ya zauna lokacin yaƙi? An wanke tankin, ko sabon mai aka zuba a kan tsoho? Wa zai ɗauki asarar ranar da ya tsaya? Ku sa a rubuta amsar ta ukun a takarda. Ku kuma ce a gwada shi a gabanku da bokiti cike na tsawon awa guda, don ruri a tsaye ba ya nuna komai.

Ruwan farko mai ƙarfi da dare ya sauka. Da asuba bayan salla na biya ta makarantar da tocila. Harabar ta jiƙe sharkaf, amma ruwan yana bin magudana yana fita titi. Gorar Usta tana nan a kan tagar ofis, ruwa a ƙasa, mai a sama. Na ajiye ta don darasin kimiyya na 'yan aji shida.